Kwana uku a gaban Baba Alƙali: abin da na samu a kwas ɗin tarihi na lauyoyi

Shekarata 11 ke nan ina aikin lauya a Sakkwato, kuma mafi yawan shari'o'in da ke zuwa hannuna na gona ne da gado. A watan Agustan da ya wuce, manyan kotuna suna hutu, na biya naira 60,000 daga aljihuna na shiga wani kwas na kwana uku da aka shirya wa lauyoyi a kan tarihi da al'adun mutanen ƙasar nan. Tun da aka dawo aiki abokan sana'a suke tare ni a harabar kotu suna tambaya ko kuɗin bai tafi a banza ba. Ga amsata, da daɗinta da ɗacinta.

Mutum biyu ne suka shirya shi: wani tsohon alƙali da ya yi ritaya, wanda kowa ke ce wa Baba Alƙali, da wani matashi da ya karanta tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ɗakin taron wani masauki aka yi shi, mu 23, mata huɗu a ciki.

Abin da ya kai ni ba sha'awar ilimi ba ce kawai. Akwai wata shari'a da ta tsaya mini a rai. Wani dattijo daga wajen Wurno ya zo ofishina a kan fadamar albasa da ke hannun wasu mutane tun zamanin mahaifinsa. Ya ce mini: "Ɗiyata, ba saidawa munka yi ba, jingina ta." Na tambaye shi takarda, babu. Na tambaye shi shekarar da aka yi jinginar, sai ya ce shekarar da shanu suka mutu, kuɗin kuma da fam aka ƙirga. Na tambaye shi iyakar gonar, ya lissafa mini gamba da aduwa da wata tsohuwar rijiya da ta rufta. Na rubuta duk abin da ya faɗa, amma a raina ina ganin ba ni da abin da zan tsaya da shi gaban alƙali, har na ba shi shawarar ya nemi sulhu ya karɓi abin da ya samu. Ya yi shiru, ya ɗauki hularsa daga kan gwiwa, ya yi mini godiya, ya fita. Wannan shirun ne ya biyo ni har ɗakin kwas.

Matashin ne ya buɗe rana ta farko, ya kuma faɗi inda suka samo tunanin. A Kanada an yi makarantun kwana da aka riƙa raba 'ya'yan mutanen asalin ƙasar da iyayensu ana kai su, a hana su harshensu da al'adarsu, kimanin yara 150,000. Hukumar da ta binciki lamarin ta fitar da rahotonta a 2015 da shawarwari 94, ta 27 a cikinsu kuwa lauyoyi ta nufa kai tsaye: a koya musu tarihin waɗannan mutane da dokokinsu da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. Ta 28 ta ce makarantun koyon lauya su ma su sa darasin cikin karatu. A lardin Albata har ƙungiyar lauyoyi ta wajabta wa 'ya'yanta yin irin wannan kwas. Ya ce sun zaɓi Agusta ne saboda ranar 9 ga wata ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa irin waɗannan al'ummomi.

Nan take wani babban lauya ya ɗaga hannu ya ce mu me ya haɗa mu da wannan? Ba wanda ya ƙetaro teku ya zauna mana a ƙasa, mu ne alƙalan, mu ne lauyoyin, mu ne masu ƙarar. Tambayar ta yi mini daidai, domin ni ma tana raina. Matashin bai yi gardama ba. Ya yarda cewa halinmu ba irin na Kanada ba ne, ya ma tuna mana cewa da aka kaɗa ƙuri'a a kan sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasashe a 2007, Nijeriya tana cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace. Sai ya kawo abin da ban taɓa haɗawa a kaina ba. Shari'ar Amodu Tijani ta 1921, wadda dukkanmu muka haddace don cin jarrabawa, inda majalisar ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yarda cewa mutanen Legas suna da haƙƙin ƙasarsu ta Apapa bisa al'adarsu, ita ce ɗaya daga cikin hujjojin da babbar kotun Ostireliya ta jingina da su a shari'ar Mabo ta 1992, lokacin da ta rushe iƙirarin cewa Turawa sun tarar da ƙasar ba ta kowa ba ce. Eddie Mabo, mutumin tsibirin Mer da ya kai ƙarar, ya rasu watanni kaɗan kafin a yanke hukuncin. Wato hujjar da ta tashi daga ƙasarmu ta je ta yi wa wasu aiki a ƙarshen duniya, mu kuwa muna zaune muna ce wa dattijo ya kawo takarda.

Daga nan Baba Alƙali ya karɓa, kuma a gaskiya shi ne kwas ɗin. Ba ya amfani da majigi, ba ya riƙe takarda. Ya zauna kan kujera ya harɗe ƙafa ya ɗauko zaren tun daga kafa garin Sakkwato a 1809. Ya yi mana bayanin Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahin Gwandu, da Ta'alimur Radi, ɗan littafinsa a kan yadda mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita ta hanyar raya ta. Ya kawo mu Giginya, inda Turawa suka ci Sakkwato da yaƙi ranar 15 ga Maris 1903, da jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato bayan 'yan kwanaki, inda ya nuna cewa duk ikon da sarakuna suka samu da yaƙi, har da iko a kan ƙasa, ya koma hannun Ingila da yaƙi. Sai dokar ƙasa ta 1910 da ta sa filayen Arewa ƙarƙashin gwamna, sai ta 1962, sai dokar amfani da ƙasa ta 1978 da muke aiki da ita yau, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta bisa amana. Na san kowace ɗaya daga cikin dokokin nan. Ban taɓa ganinsu a jere kamar tsatso guda ba, kowace tana gadon ta gabanta, manomi kuwa yana can a gonarsa yana bin ƙa'idar da ya gada, ba wanda ya shawarce shi. Da ya zo kan Bakolori, inda manoman da aikin madatsar ruwa ya cinye wa gonaki suka yi bore a kan diyya a 1980 aka buɗe musu wuta, lokacin Talatar Mafara tana cikin jihar Sakkwato, muryarsa ta sauya. Ya ce yana matashin ma'aikacin kotu a lokacin. Bai ƙara komai a kai ba.

Bayan sallar Azahar aka shiga abin da ya fi komai amfani gare ni, wato kalmomi. Aro daban, jingina daban, haya daban, kyauta daban, riƙon amana daban. Gandu daban, gayauna daban. Ya ce a shekarun da ya yi yana shari'a, ya sha ganin lauya ya cuci wanda yake karewa da bakinsa, saboda ya ɗauki kalmar da mutumin ya faɗa ya musanya ta da wadda ta fi kusa da ita a littafinsa. Hauzi, wato riƙe abu tsawon lokaci mai shi yana gani bai yi magana ba, a mazhabar Malikiyya shekara 10 ne tsakanin bare da bare, tsakanin 'yan'uwa kuwa sai an kai 40. Amma hauzi ba ya cin jingina, ba ya cin aro, komai daɗewa. Saboda haka kalma guda da dattijo ya faɗa tana iya zama ita ce shari'ar gaba ɗaya. Ya kuma gargaɗi waɗanda suka zo daga Kano da Zariya cewa a nan wanda suke ce wa hakimi uban ƙasa muke ce masa, hakiminmu kuwa shi ne dagacinsu, kada su kira shaidar da ba ita ba.

Na ba shi labarin dattijona, ban faɗi suna ba. Na ce: "Allah gafarta Malam, yaya zan yi da shaidar da ba ta san shekara ba?" Ya dube ni ya ce: "Ɗiyata, ya san shekara. Ke ce ba ki san ƙidayarsa ba." Sai ya sa matashin ya raba mana wata takarda mai shafi biyu, wadda yanzu take manne a bangon ofishina. Jerin abubuwan da mutanen karkara ke ƙirga lokaci da su ne. Sarkin Musulmi Hassan, 1931 zuwa 1938. Abubakar na Uku, 1938 zuwa 1988. Dasuƙi zuwa 1996, Macciɗo zuwa 2006. Rasuwar Sardauna, 1966. Komawa tuƙin hannun dama, 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Manyan fari biyu, na farkon shekarun 1970 da na wajen 1984. Ina kallon takardar sai jikina ya yi sanyi. Shanu sun mutu, kuɗi da fam aka ƙirga: ai dattijon ya ba ni lokacin ƙarara, farin farko yake nufi, dab da canjin kuɗi. Shafi biyun nan kaɗai sun mayar mini da kuɗina.

Rana ta biyu ta fita ce. Mun fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda muka ga wasiƙu da rubuce-rubucen Larabci da ajami da kayan yaƙi na da. Sau nawa na wuce wurin a mota ban taɓa shiga ba. Baba Alƙali ya tsaya kan wani rubutun ajami ya ce wa cikinmu zai karanta, mutum uku kaɗai suka iya, cikin lauyoyi 23 da ke aiki a garin da har yau ake samun takardar cinikin gida da ta rabon gado da ajami a ƙasan adaka. Na yi niyyar koyo, kuma na fara, ƙanin mahaifiyata ke koya mini ranar Asabar. Daga can muka tafi Hubbare muka yi ziyara. Mu matan muka daɗe a wajen da Nana Asma'u take, matashin yana ba mu labarin 'Yan Taru da jajis ɗin da take naɗa wa malfa ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Ta rasu a 1864. Ina tsaye ina tuna matan da ke zuwa ofishina bayan shekara 20 ko 25 da rasuwar mahaifinsu, 'yan'uwa maza sun riƙe gandu ba a raba ba, an ce musu lokaci ya wuce. Lokaci bai wuce ba. Rabon ɗiya mace rabin na ɗa namiji ne, kuma kawaicin da ta yi wa yayyenta ba ya zama kyauta.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. A takardar talla an rubuta cewa za a kai mu Surame, kufan birnin Kanta da ke ƙasar Binji, wanda ganuwarsa ta dutse take tsaye tun ƙarni na 16. Saboda Surame wasu suka biya kuɗin. Sai da safiyar ranar aka gaya mana an fasa saboda halin tsaro. Ba na jayayya da dalilin, duk wanda ke zaune a jihar nan ya san yadda hanyoyi suke, kuma ba zan so a kai mu inda za a yi da-na-sani ba. Amma masu shiryawa sun san haka tun kafin su buga talla. Kamata ya yi su faɗa tun farko, ko su rage wani abu daga kuɗin motar da ba a hau ba. Ba su yi ko ɗaya ba, hotuna aka nuna mana a bango.

Ƙorafina na biyu ya fi wannan nauyi. Kwas ɗin sunansa tarihin mutanen ƙasa, amma kwana ɗaya da rabi aka yi ana kallon komai ta taga guda, tagar Daular Usmaniyya. Ni jikar masu jihadi ce ta wajen uwa, ina alfahari da hakan. Sai dai ƙasar nan ba a 1804 aka halicce ta ba. Akwai Gobirawa da birninsu na Alƙalawa da ya faɗi a 1808, akwai Kabawa, da Zamfarawa, da Adarawa, da Arawa, da Zabarmawa, da Buzaye, kowa da yadda yake riƙe ƙasa da ruwa da aure. Mutumin Sabon Birni da ke tsaye gabanka a kotu yana da nasa labarin yadda kakanninsa suka zauna inda suke, kuma ba lallai ya zo daidai da wanda aka koya mana a firamare ba. Wani abokin aikinmu Bagobiri, mai zane a fuska, ya faɗi haka a fili da yammacin rana ta biyu, cikin ladabi amma ba kwana-kwana. Baba Alƙali ya saurare shi har ƙarshe, ya ce: "Barista, ka yi gaskiya, gobe taka ce." Na girmama shi a kan wannan.

Rana ta uku kuwa ta gyara da yawa. Sun gayyato wani dattijo Bagobiri, da wani arɗo, da wani Bakabe masunci daga Argungu, da wata tsohuwa 'yar Zuru. Ba lacca suka yi ba, hira aka yi, mu muna tambaya. Arɗon ya yi bayanin burtali da mashaya da makiyaya, ya ce akwai dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, amma burtalin da kakansa ya bi yau gero ne a kai, kuma idan aka je kotu shi ake tambaya takarda. Masuncin ya faɗi yadda Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi a wani yanki na gulbi har lokacinsa ya yi, doka ce da ba a rubuta ba amma kowa na bin ta. Ya tuna mana cewa bikin kamun kifi na Argungu a sifarsa ta yau ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ya kai a 1934, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, wato bikin kansa shaidar sulhu ne. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar ta yi bayanin golmo, noman shekaru da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata, da bikin Uhola. Ta kuma ce su sunansu Lelna, Dakarkari mu ne muke kiran su da shi. Wata abokiyar aikina ta tambaye ta: "Inna, idan auren ya mutu, yaya ake yi da noman da ya yi?" Aka shafe kusan awa ana tattauna wannan tambaya guda, domin irinta tana zuwa kotu, kuma lauyan da bai taɓa jin kalmar golmo ba zai ɗauka aikin ƙodago ne da ba a biya ba.

An taɓo maganar da nake tsoro, ta ɗan ƙasa da baƙo. A Nijeriya kalmar asali tana da ƙaya, an zubar da jini a kanta a wurare da dama, kuma takardar shaidar ƙaramar hukuma ta hana mutane da yawa aiki da karatu a garin da aka haife su. Na ji daɗin yadda Baba Alƙali ya tsaya a kan cewa ba mun taru ba ne don a tantance wa ya riga wa zuwa. Mun taru ne don idan mutum ya buɗe baki a gabanmu mu gane abin da yake cewa. Ya kawo misalin taubasantaka, yadda Bagobiri da Bayarabe, ko Bafillatani da Babarbare, ke tsokanar juna ba a fushi, ya ce ya taɓa kashe wata rigima da ita a zauren sulhu bayan hujjojin lauyoyi sun ƙare.

Da dare aka rufe da walima. Makaɗan kotso suka yi wasa, matashin yana tsayar da su jefi-jefi yana nuna mana yadda kirari ke ɗauke da salsalar gida, wane ɗan wane jikan wane, abin da kan yi amfani a rigimar sarauta. Dukawa sun baje jakunkuna da titimi na fatar jar akuyar Sakkwato, na sayi jakar da nake zuba fayil a ciki yanzu. An ci tuwon shinkafa da hoce, aka sha fura da nono mai kyau. Abincin rana na kwanakin ukun dai bai kai na daren ba, kullum a makare yake zuwa, ranar farko ma sai bayan La'asar. Wutar ɗakin taron ta ɗauke sau da yawa, janareta kuma yana hana na baya jin muryar Baba Alƙali, wanda ba ya ɗaga murya. Duk mai zuwa ya je da wuri ya kama kujerar gaba. Ban da shafi biyun nan ba su ba mu wani rubutaccen abu ba, saboda haka a tafi da littafin rubutu mai kauri. Nawa ya cika kafin azahar ɗin rana ta uku.

Wa nake ba shawarar ya je? Duk lauyan da ke taɓa shari'ar gona, gado, aure ko sarauta a Sakkwato da Kabi da Zamfara, musamman sababbin da suka fito daga makarantar lauyoyi da waɗanda aka turo yi wa ƙasa hidima daga Kudu. Wanda aikinsa kamfanoni ne da bankuna zai ji daɗi, amma ba zai mayar da kuɗinsa da sauri kamar ni ba. Naira 60,000 ta yi wa ƙaramin lauya yawa, ya kamata manyan ofisoshi su biya wa yaransu. Na roƙi masu shiryawa abu uku idan za su sake: su ba Gobir da Kabi rana cikakkiya tun daga farko, su ƙara yawan mata cikin masu magana, kuma kada su tallata tafiyar da ba su da tabbacin yi.

Mako biyu bayan kwas ɗin na sa aka nemo mini dattijon nan na Wurno. Bai karɓi sulhun ba, bai kuma je wurin wani lauya ba. Na je har ƙauyensu da safe, ruwa ya sauka da dare, muka taka iyakar fadamar tare yana gaba ina biye. Gambar tana nan, aduwar tana nan, ramin rijiyar ma ana gane shi. Ya kai ni gidan wani tsoho da ke zaune a wurin ranar da aka ƙirga fam ɗin, wanda har ya tuna wanda ya raba goro. Na ce masa: "Baba, ka yafe mini, ranar nan ban saurare ka da kyau ba." Ya ce ba komai. Mun shigar da ƙarar, an sa mana rana a watan gobe.